Tsoho Mok da Tulun Ɓawon Tanjarin

Duk wanda ya ce muku Mok Yiu-tong marowaci ne, ku gaya masa ni Pang Sam-mui na ce ƙarya yake yi. In yana da ja, ya hawo bene ya same ni. Gwiwoyina ne suka mutu, bakina yana nan da ransa.

Na san marowata. Kifi na sayar a kasuwar Yau Ma Tei tun ina da haƙorana duka, kuma mijina na biyu, wanda ko tsaki ba ya yi a banza, shi ne sarkinsu. Irinsu in kuɗi ya fita daga aljihu sai ka ga sun dafe ƙirji suna cewa yuk cek, wai tsokarsu ce ke zogi, kamar an yanki naman jikinsu an ɗora a sikeli. Wannan ciwon aljihu ne, da an yi musu ragi sun warke.

Ciwon Mok daban ne. Kalmarsa ita ce m se dak. Kowa a nan yana faɗinta. Yaro yana faɗa wa alewarsa ta ƙarshe, amarya tana faɗa wa uwarta a bakin mota. Abin da ranka ya ƙi saki ke nan, ba don tsadarsa ba. Ku lura kuma, da baki a rufe ake fara ta, mmm, kamar wanda aka ce ya tofar da abin da ke bakinsa ya ƙi. Cire wannan mmm ɗin, sai ya rage se dak: na iya rabuwa, ɗauka, tafi abinka. Tsakanin riƙewa da saki ba komai sai ɗan rufe leɓe.

Ƙofata da tasa suna kallon juna a saman wani tsohon bene, tun ina da ƙugu. Ba abin da ban ji ya faɗa wa kalmar nan ba. Laimar da iska ta kakkarya har ta koma kamar gizo-gizo: m se dak. Kofin da hannunsa ya fita: m se dak. Silifas ɗin da ya cinye har diddigensa na taɓa ƙasa: m se dak. Wata rana na ce masa, "Tsoho, in ka yi tusa ma ina jin sai ka waiwaya ka yi mata ban kwana."

Ya ce, "Ke dai bakinki kamar kwatar kasuwarku, ba ya bushewa."

Aikinsa kuwa, ku ji abin dariya, sakin igiya ne. A jirgin fito yake, mai tsallaka mutane zuwa wancan hayin. Jirgi ya iso, ya cafe igiya ya ɗaure a turke, jirgi zai tashi ya kwance ya jefa. Tun yana saurayi har furfura ta cinye kansa, mutumin da bai iya yar da kofi ba yana sallamar jirgi daga safe zuwa yamma. Tafin hannunsa kamar bayan kada.

Matarsa Fung-ying 'yar garin San Wui ce, kuma mutanen San Wui ba su da zance sai ɓawo. In sanyi ya fara shigowa, 'yan'uwanta za su aiko mata da kwandon lemon tanjarin. Ta zauna a bakin ƙofa da 'yar wuƙa, ta tsaga kowane gida uku ba tare da ta raba gindin ba, ta juya ɓawon ciki ya koma waje, ta shanya a rufin bene. Tsokar kuwa, mai tsami kamar bakin uwar miji, ni take turo wa. Ɓawon in ya bushe sai ya shiga tulu, tulu ya shiga ƙarƙashin gado. Shekara na tafiya yana yin baƙi, ƙamshinsa na nutsewa. Ɗan ɓalli ɗaya ya isa ya gyara tukunya, ya kuma kori tari. Kamar mu mata ne, sai mun yamutse ake sanin amfaninmu.

Kowane tulu da zaren da ta ɗaura masa a wuya. Akwai ɗaya mai jan zare, na shekarar da ta haifi 'yarsu tilo, Pui-shan. Wannan ba a taɓa shi. Tun yarinyar na rarrafe Fung-ying take nuna mata shi tana cewa, "Wannan sa'arki ne, tare kuke girma. Ranar da za ki bar gidan nan, da shi zan dafa miki kunun jan wake, ki sha ki tafi da ɗanɗanon gida a bakinki." Ta faɗa ta sake faɗa har yarinyar na ƙarasa mata.

Ba ta kai ranar ba. Pui-shan na makarantar sakandare ciwo ya kwantar da Fung-ying, kafin wani tanjarin ya nuna an kai ta. Mok bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya jera silifas ɗinta a bakin gado kamar ta shiga wanka, ya bar tsefenta da sauran gashi a jiki. Ya koyi girki, in za a kira wannan abin girki. Kifin da nake ba shi da ransa yake zuwa, shi kuma ya sake kashe shi a tukunya. Amma yarinyar ta girma, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya, kuma ta ɗauko shirun ubanta kaf. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Su biyu za su ci abinci ba ka jin komai sai ƙarar tsinken cin shinkafa a bakin kwano.

Ta auri wani mai siririn wuya da ke haɗa gilashin ido. Ranar biki na ce, "To, mai igiya, fito da tulun."

Ya ce, "Ina ta je? Titi ɗaya ta tsallaka. Wannan ai ba barin gida ba ne."

Sai shekarun nan suka zo da kowa ke haɗa kaya yana barin gari. Yau mai wanki ya tafi, gobe likitan haƙori. Mai siririn wuya shi ma ya samo musu takardun Kanada. Ranar tafiya suka biyo sallama da hantsi, motar haya na jira a ƙasa. Ina tsaye a ƙofata, don ba a yin abu a benen nan ban gani ba. Pui-shan ta riƙe jakarta da hannu biyu, ta yi wata 'yar dariya, ta yi masa tambayar da 'ya'ya ke yi wa iyaye da sigar wasa:

"Baba, se m se dak? Za ka iya rabuwa da ni, ko ba za ka iya ba?"

Na zuba masa ido. Na ce yau dai kalmar nan za ta sami gurbinta. Ya buɗe baki ƙato, ko ɗan rufe leɓen bai yi ba.

"Se dak mana! Tafi. Ko na samu wurin miƙe ƙafa. Mai mota na jira."

Ta ce to. Ta sauka. Muna jin takunta har ya ɓace.

Na ce, "Kai tsohon banza! Laima ka ce ba ka iya rabuwa da ita, kofi ba ka iya, 'yarka ɗaya tal a duniya ita ce ka iya? Kunun ma ba ka dafa mata ba."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Sam-mui, in jirgi ya tada inji ka ƙi sakin igiya, ko turke ya tuge ko hannunka ya fita. Jirgin kuma tafiya zai yi."

"To tulun fa?"

"Ai za ta dawo."

Ya shiga ya rufe ƙofa. Ranar ban ji ƙamshin girki daga ɗakinsa ba, washegari ma haka. A rana ta uku na tura masa kunun shinkafa na ce in bai sha ba zan ɗura masa kamar agwagwa.

Daga nan rayuwarsa ta zama kamar ruwan randa, ba ta gaba ba ta baya. Ya bar aiki. Da safe ya kunna wa hoton Fung-ying turare, ya sauka gidan shayi ya zauna a teburin da ke kusa da ƙofa, inda ake haɗa mutum da baƙin da bai sani ba. Abokansa suna ta raguwa, wannan 'ya'ya sun ɗauke shi, wancan ƙasa ta ɗauke shi. Da yamma ya taka har bakin ruwa ya tsaya yana kallon samarin da suka gaje shi, ya dawo yana mita wai ba su iya jifa ba. Kwano ɗaya yake wankewa, amma biyu yake fitarwa, sai ya tuna ya mayar da ɗaya. Ta tagar kicin ina ganinsa.

Ran Lahadi Pui-shan take bugo waya. Bangon nan kamar takarda yake, duk ina ji.

"Kin ci abinci? Na ci. Akwai sanyi? Sa riga. Yaran fa? To. Ajiye, ajiye, kada ki ɓata lokacinki."

Shi ke nan. Amma tun jajiberi yake goge wayar da tsumma, kuma in ya ajiye sai ya zauna a gabanta kamar mai jiran ta haihu.

Takan zo jefi-jefi da 'ya'yanta biyu, waɗanda harshenmu ke fita daga bakinsu kamar suna tauna dutse. Su yi 'yan kwanaki a masauki, don ɗakin kakansu ba wurin juyawa, su koma. Duk zuwa sai ya yi musu rakiya har bakin titi yana cewa su yi sauri kada jirgin sama ya tafi ya bar su.

Tulunan nan kuwa bai fasa kula da su ba. Duk shekara in iska ta bushe sai ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa rufi, ya baje ɓawon a faifai ya sha rana, yana goge kowane da ɗan buroshi. Sauran tulunan yakan taɓa, da ƙyar, in wani a benen ya kwanta. Mai jan zare kuwa ko kusa. Akwai shekarar da tari ya kama shi har na ɗauka huhunsa zai faɗo a matakala. Na ce, "Ga magani a ƙarƙashin gadonka kana neman mutuwa. Da tsohuwar zuma ake magani."

Yana haki ya ce, "M se dak."

Wani mai shagon magani ya ji labari, ya hawo har sama yana gumi, ya shinshina bakin tulun ya lumshe ido kamar ya ga budurwa. Ya yi tayi, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Mok ya zuba masa shayi, ya raka shi ƙofa. Da marowaci ne, da ya sayar. Shi ya sa na ce muku ba rowa ba ce.

Ana nan, wata bazara Pui-shan ta zo ita kaɗai. Ta yi furfura a gaban goshi, ta rame. Ba ta sauka a masauki ba, a tsohon gadonta ta kwana. Kwana biyu da zuwanta ta ƙwanƙwasa mini, ta zauna ta taya ni gyaran ganye.

Na ce, "Ina mai siririn wuya?"

"Mun rabu, Gwaggo. An daɗe."

"Madalla. Dama wuyan nan bai yi kama da wanda zai ɗauki kaya ba. Ubanki ya sani?"

"Ya sani. Cewa ya yi in ci abinci."

Muka yi dariya. Sai ta ajiye ganyen. Ta ce yaran sun kusa kama gabansu, babbar ta shiga jami'a, ƙaramin na biye. Ta ce akwai asibitin da ya ce zai ɗauke ta a nan, kuma sai ta ba su amsa kafin ta koma. Can tana da gida, da aiki, da 'ya'yanta kusa. Nan ba ta da kowa sai wannan tsohon.

"In yana so in dawo, Gwaggo, zan dawo. Amma na tambaye shi jiya, ya ce shi lafiyarsa lau, me zan zo in yi. Ba zan bar 'ya'yana in zo in zauna a kan mutumin da ya ce yana son wurin miƙe ƙafa ba."

Ashe maganar nan tana nan a ranta, ta ajiye ta kamar yadda uwarta ke ajiye ɓawo.

"Ke ma kin san wasa yake yi."

"Na san yana faɗa wa laima. Ni bai taɓa faɗa mini ba. Sau ɗaya kawai nake so in ji."

Tana fita kasuwa na tsallaka na tura ƙofarsa ba sallama. Yana zaune yana ɗinke wannan laimar.

Na ce, "Ajiye gawar nan ka saurare ni. 'Yarka na shirin dawowa, kalma ɗaya take jira. Kalmar da kake zubarwa a kan kowane tarkace. Rufe leɓe ka ce mmm, sauran zai biyo da kansa."

"Tana da yara a can."

"Yaran sun yi gemu."

"Mace ce babbar."

"To ta yi gemun zuci! Kai kana so ta dawo ko ba ka so?"

Ya ci gaba da ɗinkin laimarsa. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Haɓarsa rawa take yi kamar an sa shi a ruwan sanyi.

Can ya ce, "Bakina ba ya iya irin wannan. Zan nuna mata yadda za ta gane."

"Ta yaya?"

"Ke dai gobe ki zo ki ci abinci da mu."

Washegari da rana ina zaune sai wani ƙamshi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Ban taɓa jin irinsa ba, kuma na yi shekaru a duniya. Ba ƙamshin lemo ba ne, ya wuce nan. Kamar an buɗe tsohon akwatin uwarka. Na dafa bango na tsallaka. Mok na tsaye a kicin, tulu mai jan zare a buɗe a gabansa. Ya jiƙa ɓawon ya yi laushi, yana kankare farin cikinsa da bakin cokali, a hankali, kamar mai yi wa jariri aski. Jan wake na tafasa, ga mazarƙwaila a gefe.

Na ce, "Iye! Yau rana ta fito ta yamma."

Ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ba ni da abin da ya fi shi. In ta ga na ba ta shi, ai ta gane."

Ni ma a lokacin haka na ɗauka. Har na ce a raina, ashe tsohon nan yana da dabara.

Muka ci shinkafa da kifin da ya kashe sau biyu. Sannan ya kawo kunun, kwano uku, ya tura mata wanda ya fi cika. Pui-shan ta kai cokali baki. Ba ta haɗiye da wuri ba. Ta ɗaga kai ta hango tulun a kan kantar kicin, jan zaren na lilo. Na ga fuskarta ta sauya, amma ba irin sauyin da nake jira ba.

"Baba, na Mama ne? Mai jan zare?"

"Shi ne."

"Ka iya buɗe shi? Kai?"

Da ma ya yi shiru. Amma namiji in kunya ta kama shi sai ya tsere cikin fankama. Ya kaɗa hannu ya ce, "Se dak. Ajiyar me? Ya daɗe yana tare mini wuri. Sha tun da zafi."

Ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, kamar mai karanto abin da ta haddace, "Ki sha ki tafi da ɗanɗanon gida a bakinki."

Nan na gane ɓarnar da muka yi. Mu tsofaffi biyu mun manta, ita ba ta manta ba. Shi yana nufin ga mafi tsadar abina, zauna. Ita kuwa abin da uwarta ta koya mata tun tana rarrafe shi ne, kunun nan na sallama ne. Bai dafa ranar aurenta ba, bai dafa ranar da ta bar gari ba, sai yau da ta tambaye shi ko ta dawo.

Na taka ƙafarsa a ƙarƙashin tebur, bai motsa ba. Na ga ba sarki sai bakina.

"Ke yarinya, kada ki yi wauta. Tsohon nan cewa yake kada ki tafi. Jiya haɓarsa har rawa take yi. Kwano biyu yake fitarwa kullum. Wayar da kike kiransa da ita yake gogewa kamar madubin amarya!"

Ta dube shi. Shi kuma da ya ji na tona shi a gaban 'yarsa, kunnuwansa suka yi ja, ya yi wata dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Kin san Gwaggonki. Mataccen kifi ma cewa take barci yake yi."

Gaskiya ne, na sha faɗa. Abin da mai ba'a ke girba ke nan. Ka shekara kana ba mutane dariya, ranar da ka zo da gaskiya tsirara sai a ce yau ma ka iya.

Pui-shan ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, da gaske ne abin da ta faɗa?"

Na ga leɓɓansa sun haɗu. Na rantse na gani. Ya rufe su gam, mmm ɗin yana nan a bayan haƙoransa kamar jirgi a bakin turke. Ya kalli furfurar goshinta, ya kalli hoton jikokinsa da ke jingine a jikin bango. Sannan ya buɗe baki ya ce:

"Kunun zai huce."

Ta shanye tas. Ta ƙara kwano na biyu. Ta ce ba ta taɓa shan mai daɗinsa ba, shi kuma ya ce waken bai narke yadda uwarta ke yi ba.

Na bi ta har ɗaki daga baya, na faɗa na sake faɗa, da rantsuwa da zagi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Gwaggo, na gode. Amma kin ji shi da kunnenki. Mutumin da ya iya buɗe tulun nan ya gama shawara. Ya sallame ni da kyau, ba zan ɓata masa ba." Na koma wurinsa, ya ce in ta zauna don surutuna, ranar da ta yi kewar 'ya'yanta wa za ta tsana? Na ce su biyun a haɗa su a tukunya ɗaya a dafa, ko gishiri ba za a sa ba don taurin kai ya ishe su.

Ranar tafiya ya juye sauran ɓawon gaba ɗaya a leda, ya naɗe da tsohuwar rigar Fung-ying, ya cusa mata a jaka. Ya ce in 'yarta ta tashi barin gida ta dafa mata. Wannan karon ba ta yi masa tambayar ba. Ta ce ya riƙa sa riga, ya ce ta riƙa cin abinci. Ya ɗaukar mata jaka har ƙasa, ya bubbuga bayan motar sau biyu da tafin hannu, yadda suke yi wa jirgi in an kwance igiya.

Bai hawo da wuri ba. Da ya hawo, a kowane hawa sai ya tsaya.

Bayan 'yan kwanaki na leƙa shi da yamma, rana na shigowa ta taga. Yana zaune a bakin gado, tulun a kan cinyarsa, ya cire murfin ya kifa fuskarsa a bakin. Ba komai a ciki. Amma tulun ƙasa yana shan ƙamshi, abin da ya zauna a cikinsa tsawon rayuwar mutum ba ya fita rana ɗaya.

Da ya ji motsina ya yi sauri ya mayar da murfin.

Na ce, "Tunda ya zama fanko, ba ni in zuba busasshen kifi. Ka ce yana tare maka wuri."

Ya rungume shi da hannuwan nan nasa masu kaushi. Bai kalle ni ba, ƙofa yake kallo, wajen matakala. Ya haɗa leɓɓansa, ya ja mmm ɗin da tsawo, har na ɗauka a nan zai tsaya.

"M se dak," in ji shi. Ya sake cewa, "M se dak."

Ina da amsoshi sun fi kifin teku, kuma ɗaya ta riga ta hau kan harshena. Na haɗiye ta. Na jawo kujera na zauna, na ce ya fito da kwano biyu, yau a nan zan ci.